Yadda Za Ka Ziyarci Gidajen Tsofaffin Gonakin Rake Na Louisiana

Mutanen Kano da ke shiga Amurka yanzu suna da yawa. Wani karatu ya kai shi, wani taro, wata kuma ta je zaman jegon 'yarta a Houston. Duk wanda hanya ta bi da shi kudancin ƙasar, ina ba shi shawara ya ware yini guda ya je ya ga gidajen tsofaffin gonakin rake da ke jere a bakin kogin Mississippi, tsakanin New Orleans da Baton Rouge, waɗanda aka mayar gidajen tarihi. Ni malamin tarihi ne a wata sakandare a nan cikin birni, ɗan ƙanwata da ke karatu a Baton Rouge ne ya kai ni. Abin da zan rubuta a nan shi nake faɗa wa duk wanda ya same ni a ƙofar gida bayan la'asar yana tambayar yadda zai yi.

Abu na farko shi ne zaɓen gidan da za ka shiga, domin daga nan ne ziyarar take gyaruwa ko ta lalace. Wanda ya fi suna shi ne Oak Alley, a garin Vacherie. An gina shi tsakanin 1837 da 1839, yana da ginshiƙai 28, kuma daga ƙofarsa zuwa bakin kogi akwai manyan bishiyoyi 28 a layi biyu, rassansu sun haɗe a sama. Kyau kam yana da kyau, shi ya sa hotonsa ne a kan kowace takardar talla. Amma gidaje irin wannan sun daɗe suna nuna wa baƙi gadon maigida da farantan uwargida da labulen falo, sai daga baya aka ƙara ɓangaren bayi. Wasu ma har yau ana hayarsu a yi bikin aure a ciki. Idan yini ɗaya gare ka, ka tafi Whitney, a ƙauyen Wallace, wanda ba shi da nisa da wancan. An buɗe shi ga jama'a a Disambar 2014, kuma tun daga ranar farko labarin bayin da suka noma raken shi ne gaba. Wani lauyan New Orleans, John Cummings, ya sayi wurin ya kashe kuɗinsa wajen gyara, shugaban bincike kuwa ɗan Afirka ta Yamma ne, Dakta Ibrahima Seck, masanin tarihi daga Sanagal. Idan kana da lokacin gida biyu, to ka fara da Whitney da safe, sannan ka wuce Oak Alley. Wanda ya fara da Whitney, idan ya tsaya gaban waɗannan ginshiƙai zai tambayi wanda ya buga tubalinsu. A can ma ka nemi labarin Antoine, bawan da ke kula da lambu, wanda a 1846 ya yi nasarar yi wa bishiyar pecan, mai 'ya'yan da ake fasawa a ci kamar gyaɗa, aure har aka samu irin da ake nomawa don kasuwa.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Oktoba zuwa Disamba, kakar yankan rake ke nan. Har yau rake ake nomawa a yankin, za ka yi ta haɗuwa da manyan motoci maƙare da shi, ka ga injin yana bin kunya yana sara, wani wurin hayaƙi na tashi. Daga Yuni zuwa Satumba akwai zafi mai gumi wanda ba irin namu na bazara ba, inuwa ma ba ta raba ka da shi, ga sauro, ga shi lokacin guguwar teku ne. Yawancin zagayen a fili ake yinsa, don haka ka sa takalmi rufaffe, ka riƙe ruwa da lema.

Maganar mota gajeriya ce. Daga New Orleans tafiyar kusan awa ɗaya ce, daga Houston kuwa awa biyar zuwa shida kafin ka iso New Orleans. Ko dai wani naka ya kai ka, ko ka yi hayar mota, ko ka bi motocin kamfanonin yawon buɗe ido da ke kwasar mutane daga New Orleans su dawo da su. Kada ka dogara da motar da ake kira ta waya, za ta kai ka, amma samun ta dawowa daga ƙauye wuya gare shi. Tikiti ka saya ta intanet tun kafin ranar, ka kuma duba ranakun da suke rufewa. Idan kun hau hanyar bakin kogi ba za ka ga ruwan ba, wata doguwar ganuwar ƙasa ta tare shi saboda ambaliya. Ka sa a tsaya inda aka yarda a tsaya ka hau kanta. Daga sama za ka gane tsarin wurin: kowace gona siririya ce doguwa, kanta na bakin kogi inda babban gida yake, jelarta na can cikin fadama. Ta kogin ake fitar da sukari, ta nan kuma ake sauke mutanen da aka saya. Za ka kuma ga masana'antun mai da na sinadarai birjik a kan filayen da a da gonaki ne, jikokin bayin na zaune a gefensu.

Akwai shirin da ya kamata ka yi tun kana Kano, kuma ba ya cin ko sisi. Ka tsaya wajen mai rake, ka roƙe shi ya ba ka sanda guda da ganyenta, ka shafa bakin ganyen da yatsa ka ji kaifinsa da ƙaiƙayinsa. Idan da hali ka je inda ake mazarƙwaila, irin su Maƙarfi, ka ga yadda ake tura rake cikin abin matsa, ruwan ya gangaro, a zuba a kasko a yi ta dafawa ana kwashe kumfa har ya yi kauri. Aikin gonakin Louisiana shi ne wannan ɗin, sai dai an ninka shi ya zama masana'anta, kuma masu yinsa ba su da ikon cewa sun gaji. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da kaskon mazarƙwaila da rana tsaka ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Shiri na biyu na waya ne. Wata masaniyar tarihi Ba'amurkiya, Gwendolyn Midlo Hall, ta yi shekaru tana tono takardun kotu da na gado da na ciniki, ta tara bayanan mutane sama da 100,000 da aka bautar a Louisiana tsakanin 1719 da 1820. Kundin yana intanet kyauta, ka sa sunanta ka nema. Magatakardan wancan zamani, na Faransa da na Sifen, sukan rubuta asalin bawa, saboda haka za ka ga Wolof da Mandinka da Kongo da Ibo da Yarbawa da Fulani, za ka kuma ga Hausa. Ka duba wannan kafin ka hau jirgi. Ba mu ne mafi yawa a can ba, inda Hausawa suka fi yawa shi ne Bahia ta ƙasar Burazil, ita ma ƙasar rake, inda suka shirya bore a 1807 suka kuma tayar a 1809 da 1814, sannan suka shiga na Musulmi na watan azumin 1835, wanda aka samu takardu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Amma a Louisiana ma akwai namu, kuma ƙasar da za ka taka sun taka ta.

To, ka iso Whitney. Ka ba wurin awa biyu ko uku, kada ka haɗa shi da wani alƙawari na kusa. Za ka iya bin mai jagora, za ka kuma iya karɓar na'urar saurare ka zagaya da kanka. Bayanin da Ingilishi ne, idan kana tare da dattijo ko dattijuwar da ba ta ji, ka zaɓi na'urar don ka riƙa tsayarwa kana fassarawa a natse. Tarihin gonar a taƙaice: wani Bajamushe, Ambroise Haydel, ya kafa ta a 1752 yana noman baba, irin wanda marina ke amfani da shi. A 1795 aka gano yadda za a mayar da ruwan raken Louisiana sukari mai tsaba don kasuwa, a gonar Étienne de Boré, daidai lokacin da juyin juya halin Haiti ya rushe noman rake a can, ita da take babbar mai samar da sukari ta duniya. Nan da nan gonakin bakin kogi suka koma rake, har da wannan. Sunan Whitney bayan yaƙin basasar Amurka ya samo asali, da wani attajiri ya saya a 1867 ya sa mata sunan jikansa.

Ka fara da cocin katako da ke kusa da mashiga. 'Yantattun bayi ne suka gina shi da hannunsu bayan yaƙi, a wani ƙauye a tsallaken kogi, daga baya aka ɗauko shi aka kawo nan. Musulmi ba ya rasa komai don ya shiga ya gani, ba ibada ake yi ba a lokacin ziyara. A ciki akwai mutum-mutumin yara na yumɓu, wasu a tsaye wasu a zaune a kan benci, ƙafa ba takalmi, riguna sun yi musu yawa, gurbin idanunsu a buɗe ba ƙwaya. Suna wakiltar mutanen da aka yi hira da su a shekarun 1930 suna tsofaffi, waɗanda ƙuruciyarsu a bauta ta wuce. Maganganunsu ne aka sassaƙa a jikin duwatsun da za ka gani a gaba.

Daga nan sai bangon sunaye, kuma a nan nake so ka daɗe. Na farko na mutanen da aka bautar a wannan gona ce kaɗai, sama da 350, wasu da asalinsu da sana'arsu. Na biyu dogayen bangaye ne na baƙin dutse ɗauke da sunaye 107,000 daga kundin da na ambata. Kada ka yi ƙoƙarin bin su duka, ba za ka iya ba. Ka zaɓi allo ɗaya ka karanta shi daga sama zuwa ƙasa, da baki, ba da ido kawai ba. Yawancinsu suna ɗaya ne tak, ba na uba ba na gari, da yawa ma sunan da mai saye ya laƙaba ne. Jefi-jefi sai ka ci karo da suna irin Samba, wanda ya tsallake teku bai canza ba. Mu da muke kiran mutum da sunansa da na mahaifinsa da na unguwarsu, har mu ƙara da na kakansa idan ana maganar aure, mun fi kowa sanin girman abin da aka ƙwace wa waɗannan bayin Allah. Gaba kaɗan akwai wani fili da aka keɓe wa yara kusan 2,200 da suka mutu cikin bauta a wannan gunduma kaɗai, sunayensu daga littattafan coci aka kwaso. Akwai benci a wurin. Ɗan ƙanwata ya dube ni ya ce, "Kawu, ko mu zauna kaɗan?" Muka zauna. Kai ma idan ka ji ƙafarka ta yi sanyi ka zauna, ba wanda zai kore ka.

Sai kaskon sukari. Suna nan a jere a fili, baƙin ƙarfe mai kauri, babban cikinsu ya isa mutum ya kwanta a ciki, tsatsa ta cinye bakinsu, ruwan sama ya taru a gindi. Ka dafa ɗaya ka ji kaurinsa, sannan ka tuna yadda aikin yake. Rake idan aka sare shi ba ya jira, kwana ɗaya ko biyu ruwansa ya fara tsami. A Louisiana kuma akwai sanyin da ke daskarar da shi a gona idan aka makara. Saboda haka da kaka ta kama, injin matsa ba ya tsayawa dare da rana, ana iya sa mutum aikin awa 18. Masu adda suna sara, masu amalanke suna kwasa, wasu na tura sanduna tsakanin ƙarafan matsa masu juyawa, inda gyangyaɗi ɗaya ke raba mutum da hannunsa. Ruwan sai ya bi kasko huɗu ko biyar da aka girka a kan wuta ɗaya, daga babba zuwa ƙarami. Ana zuba farar ƙasa don datti ya taso, ana kwashe kumfa, ana ɗiba da dogon ludayi daga wannan zuwa wancan. A kasko na ƙarshe akwai gwani wanda ya san daidai lokacin da za a sauke, idan ya kuskure dahuwar duka ta lalace, kuma sau da yawa wannan gwanin bawa ne. Bayan ya huce sai a ɗura a manyan gangunan katako, baƙin ruwan mai kauri ya tsiyaye, sukari ya rage. Itacen wutar ma bayi ne ke shiga fadama su saro.

Wannan aiki ne ya sa a gundumomin rake mace-macen bayi suka fi haihuwarsu yawa, abin da ba haka yake a yankunan auduga ba. Amurka ta hana shigo da bayi daga waje a 1808, sai masu gonaki suka koma sayen mutane daga jihohi irin su Virginia da Maryland, New Orleans ta zama babbar kasuwar bayi ta ƙasar. A ƙidayar 1860 akwai bayi sama da 331,000 a Louisiana. Idan mai jagora ya ambaci sanarwar 'yanci ta Shugaba Lincoln ta 1863, ka sani cewa ta tsame waɗannan gundumomin rake da sunayensu, saboda suna hannun sojojin gwamnatin tarayya. Tsarin mulkin jihar na 1864 da gyaran tsarin mulkin ƙasa na 1865 ne suka kawo ƙarshen abin a doka. A aikace kuwa, iyalai da yawa sun ci gaba da zama a ɗakunan nan suna yankan rake a kan lada ƙalilan da bashin kantin maigona, a Whitney har zuwa 1975.

Ɗakunan bayin ka shiga ɗaya. Katako ne, an raba shi biyu, murhu ɗaya a tsakiya yana yi wa ɓangarorin biyu aiki, kowane ɓangare iyali guda. Ta tsakanin katakan kana hango waje. Akwai kuma kejin ƙarfe na tsare mutane, da wurin tunawa da boren Janairun 1811, lokacin da ɗaruruwan bayi ƙarƙashin Charles Deslondes suka doshi New Orleans daga gonakin wannan yanki. An murƙushe su cikin 'yan kwanaki, an kashe kusan 100, aka tsire kawunan da yawa a kan sanduna a bakin kogi. Abin tunawar kawuna ne na yumɓu a kan sandunan ƙarfe. Idan da ƙananan yara a tare da kai, ka riga su leƙawa ka yanke shawara.

Babban gidan shi ne na ƙarshe, kuma ba sai ka daɗe ba. Ka lura da ɗakin girki da ke ware a baya, da tazarar da mai dafa abinci ke bi da tukunya zuwa teburin maigida.

Yanzu ga abin da na fi so Bakano ya shirya masa. Yawancin waɗanda za ka tarar baƙaƙen fatar Amurka ne, wasu kakanninsu suke nema a jikin bangon. Ka rage murya, ka kashe ƙarar waya, kada ka tsaya gaban kejin ko ɗakin bayi kana murmushi ana ɗaukarka hoto, kada kuma ka ɗauki wanda ke kuka. Idan ka sa hula da kaftani za a tambaye ka daga ina. Wata dattijuwa ta tambaye ni, da na ce Najeriya sai ta ce, a wajenku ana koya wa yara wannan? Wani kuma zai iya ce maka kai tsaye, ai ku kuka sayar da mu. Kada ka harzuƙa, kada kuma ka ce mu ba ruwanmu. Kasuwar Kurmi tana da ɓangaren da ake sayar da bayi har zuwa lokacin da Turawa suka ci Kano a 1903, kuma sai a 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Muna da rinji, wato ƙauyen bayi manoma, muna da gandun sarki, Fanisau da Sarki Ibrahim Dabo ya mayar ribaɗi tana kewaye da gonakin da bayi ke nomawa. Yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 sun tura kamammu arewa ta hamada, sun tura wasu kudu zuwa bakin teku. Gaskiya ne akwai bambanci. A wajenmu akwai murgu, wato kuɗin da bawa ke biyan ubangidansa don ya yi aikin kansa, da fansa, ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa ubangidanta ɗa ne mai gado, bayin sarki irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama sun riƙe iko na gaske. A Louisiana kuwa ɗa uwarsa yake bi ko da maigida ne ubansa, kuma launin fata ya zama hatimin da 'yanci ma bai goge ba. Za ka iya faɗin wannan idan hira ta yi tsawo, amma ba a matsayin wanke kai ba, domin yarinyar da aka kama a harin ƙauye aka raba da uwarta ba ta san wani bambanci ba. Ni abin da na ce wa dattijuwar shi ne, Mama, muna koyar da cinikin teku, namu na gida ne ba mu cika buɗewa ba, kuma ya kamata mu buɗe. Ta kama hannuna ta riƙe.

Salla da abinci kada su ba ka wahala. Ka tafi da darduma da alwalarka, alƙibla daga can arewa maso gabas take, kuma idan ka tambayi ma'aikata za su nuna maka gefen da ba ka tare hanya ba. Abincin yankin yana da daɗi amma naman alade na ɓoye a cikinsa, musamman a miyar gumbo da shinkafar jambalaya, har da wake. Ka tambaya kafin ka ci, ko ka tsaya a kan kifi da jatan lande, ko ka yi guzuri daga gida. A wasu gidajen ana miƙa wa baƙi abin sha mai sanyi da giya a ciki, shi ma ka tambaya.

Wanda kuma Allah bai nufe shi da tafiyar ba, rabin karatun yana nan kusa. Kundin sunayen yana cikin wayarka. Gidan Makama yana nan kusa da fadar sarki, Fanisau kuma tana ƙaramar hukumar Ungogo, tafiyar da ba ta kai a yi guzuri ba. Idan ɗalibai za ka kai, ka fara aika wa masu garin ka nemi izini, ka sami dattijon da zai nuna muku ganuwa da wuraren gandu, ka kuma ja kunnen yaran tun a mota cewa ba a tambayar kowa asalin gidansu.